Ƙarafa Arba'in na Tartsatsi

Tartsatsi mai walda ne, amma in kana so ku rabu lafiya kada ka tsaya a nan, ka ƙara da cewa mai zanen get ne. Walda, in ji shi, ko wanda bai iya ɗaura wando ba zai koye ta cikin wata shida. Amma a ce mutum ya ɗauki rodi, ƙarfe miƙaƙƙe mai taurin kai, ya lanƙwasa shi ya yi ƙofar gida da shi har mai wucewa a kan babur ya waiwayo ya kusa faɗawa kwata, wannan kam ba aikin kowa ba ne.

Shekarunsa hamsin da 'yan kai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gaban rigarsa duk huji kamar rariya saboda wutar aiki, daga nan ma sunan ya samo asali. Ya shiga sana'ar tun bai yi gemu ba, a wurin wani kawunsa mai liƙin salansar mota, ya shekara tara yana toshe ramuka kafin a bar shi ya taɓa ƙofar wani. Yanzu yana da mata, da 'ya'ya biyar, da shago mai rufin kwano a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Abokai kuwa, to, akwai dai waɗanda suke gaisawa.

Ba ya zane a takarda. Takarda ƙafa gare ta, in ji shi, yau tana aljihunka gobe tana shagon wani. A kan simintin cikin shago yake zane da alli, daidai girman get ɗin, yana rarrafe kamar mai neman allura. Ya lanƙwasa kowane ƙarfe ya ɗora shi a kan layinsa, in an gama ya kawo jiƙaƙƙen tsumma ya goge tas. In ka tsaya a bakin shagon kana gaishe shi idonka ya sauka ƙasa, sai ya taso ya tare ka da jiki, yana amsa gaisuwa yana tura ka baya-baya, har ka tsinci kanka a tsakiyar titi kana tambayarsa ya iyali.

A ƙarshen layin akwai wani mai waldan, dogo, mai sanyin magana. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya yi wa wani mai kanti get, sai ga shi sak irin wanda Tartsatsi ya yi wa wata makaranta. Tartsatsi bai je shagonsa ba. Ya jira sai da teburin mai shayi ya cika da safe, mutumin ya zo ya zauna, sannan ya ɗaga murya.

"Mai shayi, a haɗa wa Fotokwafi mai kauri, ya sha aiki."

Shi ke nan. Sunan ya kama fiye da waldar da mutumin yake yi. Yau ko matarsa ce ta shiga kasuwa sai ka ji an ce ga matar Fotokwafi nan, 'ya'yansa kuwa har sun gaji da dambe a kai sun fara amsawa.

To, wannan Tartsatsin ne kansa ya ƙafe.

Ba ciwo ya yi ba, ba rasuwa aka yi masa ba. Kawai wata safiya ya durƙusa da alli a hannu, ya jira, ba abin da ya zo. Washegari ma haka. In ya matsa wa kansa ya ja layi, sai ya ga ai get ɗin da ya yi wa mai gidan burodi ne ya sake fitowa, ko na likitan haƙori. Wata bakwai ana haka.

Da farko alli ya zarga. Ya je ya titsiye mai kantin da yake saya, wai an canza masa iri, wannan ba ya jan layi. Daga nan ya koma kan mai faci, wai tun da ya sayo sabon injin iska mai ƙarar tsiya tunani ya daina zama a layin. Ya zargi matarsa don ta juya wa gado fuska. Ya zargi wani baƙo da ya taɓa tsayawa ya yaba masa aiki har sau uku ba tare da ya sayi ko ƙusa ba. Mutum ɗaya ne bai zarga a fili ba, shi ne wanda yake gani a gilashin hular walda.

Kuma bai bari kowa ya sani ba. In an zo neman get ya ce aiki ya yi masa yawa, a dawo bayan wata biyu. Ya koma gyaran baro da ƙafar kujera. Kullum da hantsi sai ya jiƙa tsumma ya goge simintin da ba a zana komai a kai ba, ya fito ya matse shi a bakin titi yana harare-harare, don maƙwabta su ɗauka wani sirrin aka shafe.

Ana nan sai ga Sista. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ta gina ɗan gidanta. Rabin unguwar ta tsira musu allura, har da shi Tartsatsin, don haka ba wanda yake tura ta baya-baya.

"Tartsatsi, get nake so."

"Wallahi Sista, aiki ya yi mini..."

"Aikin baro? Na gani, Allah ya taimaka." Ta ajiye jakarta a kan injin walda. "Ka ji ni da kyau. Shekara talatin da biyar ina sa kaya iri ɗaya da mutum ɗari biyu. Ƙofar gidana ba za ta sa yunifom ba. Wanda babu irinsa a garin nan nake so, kuma nan da sati uku zan tare. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, ƙarshen layi ba nisa."

Ƙarshen layi! Tartsatsi ya ji kamar an ɗiga masa narkakken ƙarfe a tafin ƙafa. Ya kalle ta da kyau ko turo ta aka yi a gwada shi. Fuskar Sista kuwa ba ta nuna komai, irin ta wadda ta saba cewa ba zafi alhali da zafi.

"Sati uku," in ji shi. "Babu irinsa."

Kwana goma ya yi yana kallon siminti, siminti yana kallonsa. Rana ta goma sha ɗaya yana cikin liƙe kunnen wata tukunyar ƙarfe sai ya ji hannunsa yana ƙaiƙayi. Ya yar da tukunyar ya ɗauki alli. Kafin mai faci ya gama taya ɗaya, get ya fito a ƙasa cikakke: ƙugiyoyi bibbiyu sun juya wa juna baya, manya a ƙasa, suna hawa suna ƙanƙancewa, har su haɗu a sama kamar tafin hannu biyu. Ƙarfe arba'in cif. Ko sau ɗaya bai goge layi ba.

Kwana huɗu ya yi yana lanƙwasa su, yana 'yar waƙa ta hanci. Har gaida mai faci ya yi, abin da ya sa mai facin ya shiga ya ƙirga kayan aikinsa.

A rana ta huɗun matarsa ta kawo masa abinci. Ita kaɗai ce aka yarda ta kalli ƙasa, don ba ta san wani mai walda ba sai shi, shi ɗin ma ya ishe ta. Ta ajiye kwano, ta riƙe ƙugu.

"Kai, Baban yara, ya yi kyau. Irin na can ne ko?"

"Can ina?"

"Oho. Na dai taɓa gani."

"Kin taɓa gani a ina?"

"To ni rijistar ƙofofi nake yi? Na ce maka na taɓa gani."

"A mafarki ko ido biyu?"

"Mafarkin get zan yi? Wanda zan yi na zinariya ma bai zo ba."

"Wa ya ce ki faɗa mini haka? Kin biyo ta ƙarshen layi ne?"

"Ikon Allah. Ci abincinka, malam, in tafi da kwanona."

Bai ci ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon zanen, zanen da ɗazu yake ji kamar ɗansa na fari. Shi ya san yadda nasa yake zuwa: da ƙyar, da gogewa, da zagi, kwana uku ana kokawa da kusurwa ɗaya. Wannan kuwa ya zo a shirye, da wankansa da kwalliyarsa, kamar amsar da aka miƙo wa ɗalibi ta taga. Wa ya miƙo? In aka kafa shi a gidan Sista, a bakin babban titi, wani ya zo ya ce ai ga irinsa can, to ranar teburin mai shayi ba zai ɗauki mutane ba. Akwai wanda ya shekara goma sha biyu yana jiran wannan safiyar.

Washegari ya rufe shago ya shiga gari da ƙafa. Layi-layi, lungu-lungu, yana tsayawa a ƙofar kowane gida yana leƙe. Ya ga nasa da yawa, ya ga na wasu ya yi tsaki. A rana ta biyu, a wata unguwa ta bayan tasha, wani mai gadi ya taso masa da gora.

"Malam, tsaya. Jiya ma na gan ka."

"Get nake kallo."

"Eh. Waɗanda suka zo mana bara ma get suka fara kallo."

"Ni mai walda ne, bawan Allah. Dubi rigata."

Mai gadi ya dubi rigar, ya dubi hannuwan. "Ɓarawo ma yana iya sayen tsohuwar riga. Wane irin get kake nema?"

Nan fa ake yin ta. A ce Tartsatsi ya kwatanta wa baƙo zanensa! Amma gorar tana da kauri, ga mutane sun fara taruwa. Ya tsuguna, ya kare da jikinsa, ya zana ƙugiya biyu a ƙasa da yatsa, ya yi maza ya murje da takalmi.

"Au, wannan? Bi nan ka wuce tankin ruwa, lungu na biyu, koren get. Kuma ina kallonka har ka fita."

Yana nan kuwa. Kore, gindinsa ya fara tsatsa, a wani lungun da ko mai tallan ruwa ba ya shiga. Tartsatsi ya ƙirga ƙugiyoyin, yana fatan ya sami talatin da takwas ko arba'in da biyu. Arba'in. Ya juya don ya jingina da wani abu, sai ya ga gidan da ke kallon get ɗin, sai ya gane shi. Gidan gwaggon matarsa ne. Bara sun zo duba ta ba ta da lafiya, matar tasa ta ce minti biyar, ya zauna a kan wancan dutsen ya yi awa biyu yana jin haushi. Zai iya rantsuwa bai kalli komai ba ranar. Ashe idonsa ya yi sata ya ɓoye masa.

Wani tsoho ya leƙo daga cikin gidan mai koren get.

"Baba, sannu. Wa ya yi maka ƙofar nan?"

"Wani dogo ne, mai sanyin magana. Ya ma daɗe. Akwai sunan da ake kiransa da shi, na injin takarda..."

"Na gane," in ji Tartsatsi.

A hanyar komawa ya yi ta lissafi. Lungun nan wa yake shiga? Sista ba za ta taɓa zuwa ba. Abin yi kawai ya haɗa abinsa, ya shafa baƙin fenti, ya rufe bakinsa. Amma mai gadi ya gani. Tsoho ya ga fuskarsa. Matarsa kuwa wata rana tana cikin tankaɗe za ta tuna, kuma a gaban mutane za ta tuna. Sai wata dabara ta faɗo masa wadda ta ɗan sanyaya masa rai: ai mutumin nan bai taɓa ƙirƙirar komai ba. Shi ma a wani wuri ya kwaso. In daga littafin Turawa ne ko daga waya, to kayan kowa ne, ba a cewa an yi wa ɓarawo sata.

Da safe ya taka har ƙarshen layi. Mutumin yana tsugune yana yankan bututu. Tartsatsi ya buɗe baki zai kira shi, sai a nan ya gane ya manta sunansa na gaskiya.

"Dogo," ya ce, "sannu da aiki."

Dogo ya kashe injin yanka, ya duba bayan Tartsatsi ko da 'yan kallo ya zo. "Lafiya?"

"Lafiya lau. Koren get ɗin nan na bayan tankin ruwa, a ina ka samo shi?"

"Me ya kai ka bayan tankin ruwa?"

"Tambaya ce kawai. A littafi ne ko a waya?"

"Shekara goma sha biyu ba ka tako nan ba, yau ka zo da tambaya kawai." Dogo ya miƙe, ya goge hannu a wando. "To bari ka ji. Duk ƙofar da na yi a rayuwata gani na yi na yi, ban taɓa musu ba. A kawo hoto, in yi, yara su ci abinci. Wannan guda ɗayan ne ban gani a ko'ina ba. Bayan abin da ka yi mini a wurin mai shayi, wata biyu na yi ina zana shi a bayan kwali. Da na gama na kai wa tsohon nan na lungu, don na san ba za ka bi ta can ba balle ka yi mini dariya. To ga shi ka gano. Yi dariyarka ka tafi, ina da aiki."

Tartsatsi ya kalli ƙasa. Simintin Dogo babu ko ɗigon alli, sai guntayen ƙarfe.

"Yana kwance a shagona," ya ce.

"Me?"

"Get ɗinka. Guda arba'in. Na zana, na lanƙwasa, ina ta waƙa, na ɗauka nawa ne."

Dogo ya ƙura masa ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya nemi wuri ya zauna, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya share hawaye, ya kalli Tartsatsi, ya sake fashewa.

"Wayyo Allah. A haɗa wa wa mai kauri?"

"Ka gama?"

"Saura kaɗan." Ya ƙarasa. "To, ka je ka haɗa abinka, na bar maka. Ba mai ji a bakina."

Tartsatsi ya ƙanƙance ido. Kyauta haka da sauƙi? Ya hango kansa yana kafa get, ya hango Dogo yana gyara zama a teburin shayi yana gyaran murya. Amma ko da mutumin da gaske yake, ya ga ba ta ɓulle ba. Zai riƙa wucewa ta ƙofar Sista kullum yana sunkuyar da kai kamar mai laifi.

"Riƙe kyautarka," ya ce. "Na ce wa matar nan babu irinsa."

Saura kwana uku. Ya koma ya goge zanen, wannan karon da gaske. Ya ɗauki alli ya durƙusa, kai ya ce masa bai san zancen ba. Ko da ma wani zanen ya zo, babu lokacin lanƙwasa sabon rodi. Abin da yake da shi ke nan: ƙugiyoyi arba'in na wani, jibge a kusurwa.

Ya jefar da allin ya jawo su tsakiyar shago. Ba wata hikima ya fara da ita ba, tsabar gaba ce. Dogo ya haɗa su baya da baya, to shi zai haɗa su baki da baki. Ya yi, ya ga kamar sarƙar ɗaure kare. Dogo ya sa manya a ƙasa, shi ya kai su sama, abin ya yi kamar zai faɗo wa mutum a ka. Ya kwantar da su, ya tayar, ya saƙala wannan a wuyan wancan. Yini guda yana jan ƙarfe a kan siminti, har mai fenti ya aiko a tambaya ko faɗa ake yi. Can wajen la'asar ya lura ya daina tunanin Dogo. Hannunsa ne kawai yake ɗaukar ƙarfe ya ji nauyinsa ya san inda zai zauna. Uku suka ƙi shiga ko'ina, ya wurgar da su waje. Ɓangaren hagu ya ƙi yin daidai da na dama, abin da bai taɓa bari ba a shekara talatin, ya bar shi haka. Da ya miƙe ya ja baya, sai ya ga duk sun kwanta gefe guda, manya na bin ƙanana, kamar ciyawar da iska ta bi ta kanta.

Bai yi waƙa ba. Ya aika a kira matarsa.

"Kin taɓa gani?"

"Wannan karkataccen? Ban taɓa ba."

"Ki tuna da kyau. Gidan yayarki, gidan kawunki, asibiti..."

"Baban yara, in ka sake tambayata zan ce na gani."

Shaidarta ba ta ishe shi ba, tasa kuwa ya riga ya san darajarta. Mutum ɗaya ne a garin ya san kowace ƙofa. Washegari da safe mai faci da mai fenti suka saki baki suna kallo, Tartsatsi ya taho da Dogo, ya matsa gefe, ya bar shi ya shiga har tsakiyar shago.

Dogo ya zagaya ƙarafan sau biyu. Ya zauna a kan taya ya fito da wayarsa, wadda hotunan get suka cika ta har ba ta karɓar na 'ya'yansa. Ya yi ta turawa da yatsa, ya kalli waya, ya kalli ƙasa. Duk sanda ya ɗan dakata sai Tartsatsi ya leƙo wayar. Aka fi awa guda.

"Babu," in ji Dogo.

"Ka duba duka?"

"Har na ƙasashen waje. Babu." Ya ɗan karkata kai. "Amma fa nawa ya fi kyau."

Tartsatsi ya kalli abin da ke ƙasa, ya tuno koren na lungu.

"Na sani," ya ce.

Suna haka sai ga Sista ta zo ganin inda aka kwana. Ta tsaya a kan ƙarafan ta daɗe.

"Me ya sa ya karkace?"

"Haka na yi shi, Sista."

"Akwai irinsa?"

"Babu. Ga shaida nan, ya duba."

Sai a lokacin ta lura da wanda ke zaune a kan taya. Ta kalli Dogo, ta kalli Tartsatsi, ta sake kallon Dogo.

"Ku biyun nan a shago ɗaya? Me kuka ƙulla mini?"

"Wallahi Sista..." suka fara tare.

"Har baki ya zo ɗaya. Kai, tashi ka ba ni wuri. Kawo wayar." Ta zauna a kan tayar, ta lalubo tabarau a jaka. "Kai kuma kunna injinka, jibi zan tare. In na ga irinsa a nan zan ce ka tsaya."

Tartsatsi ya jawo wayar wuta, ya saita ƙarfe na farko da ƙafa, ya sauke hular walda a fuskarsa. Sista ta koma hoto na farko.